Yadda za ka tsince kurakuran Turancinka kafin jan biro ya hau takardarka

Na daɗe ina yi wa 'yan aji shida na sakandare darasin Turanci da yamma, masu shirin WAEC da NECO. Takardar yaro za ta dawo jawur da jan biro har ya karaya, amma in ka zauna ka ƙirga sai ka tarar nau'in kuskure bakwai ne ko takwas suke ta maimaita kansu. Kusan dukkansu kuma gidansu ɗaya: Hausa ce kwance a ƙarƙashin Turancin. Yaron ya yi tunaninsa da Hausa, tunani mai kyau, sannan ya ɗebo kalmomin Turanci ya jera su a kan layin da Hausar ta shata masa. Wanda ya san wuraren da hanyar Hausa da ta Turanci suka rabu, ya san inda zai tsaya ya duba.

Ga wasiƙar da za mu yi aiki a kanta. Ni na haɗa ta daga irin abin da nake gani kullum, yaro ne yake rubuta wa kawunsa:

"Dear Uncle, Am writing to tell you that my father he is sick since last week. I did not went to school on Monday because I took him to hospital. Although the doctor gave us many advices, but we are not having money to buy the medicine he is supposed to drink. One of my friend have promised to help, but he is also student. Please borrow me twenty thousand naira. I will fay you back after the harvest."

Jimla shida, kuskure 13. Gwada ka nemo su kafin ka ci gaba. Akwai kuma wuri guda da ya yi kama da kuskure alhali lafiyarsa lau, za mu zo kansa.

Dabarar ita ce ta mai tsintar shinkafa a tire. Ba ta neman tsakuwa da ƙaiƙayi da baƙin ƙwaya duka a kallo ɗaya, gefe take turawa kaɗan-kaɗan. Kai ma rubuta abinka ka gama tukuna, sannan ka bi shi sau da yawa, kowane zagaye kana farautar abu ɗaya. A ɗakin jarrabawa, inda ake son insha'i mai kalmomi kamar 450, ka ware minti goma na ƙarshe don wannan aikin. Masu maki suna da kaso na musamman da suke zaftarewa a kan kurakuran nahawu da ƙa'idojin rubutu, kuma shi ne kason da yaranmu suka fi barinsa a ƙasa.

Zagaye na farko: ja layi ƙarƙashin kowane aikatau

Nan ne aikin ya fi yawa, don haka nan za mu fi daɗewa.

A Hausa aikatau, wato kalmar aiki, ba shi ne yake nuna lokacin da aka yi aikin ba. Duba: ya karanta, zai karanta, yakan karanta, yana karantawa. Kalmar "karanta" kusan ba ta motsa ba, 'yar kalmar da ke gabanta ce take canzawa. A Turanci kuwa jikin aikatau ɗin kansa ne ake taɓawa: "go", "goes", "went", "gone". Saboda haka duk aikatau da ka ja wa layi, yi masa tambaya uku: yaushe aka yi, wa ya yi, kuma akwai mataimaki a gabansa?

Fara da yaushe. Bahaushe yana cewa "Jiya da na zo yana barci." Kalmar "jiya" ta riga ta mayar da zancen baya, don haka "yana" ba ta da bukatar canzawa. Turanci ba ya yarda da wannan rangwamen. Ko ka ce "yesterday", sai kowane aikatau ya koma baya da kansa: "When I came yesterday, he was sleeping." Yara da yawa suna fara labari da "went" da "saw", kafin sakin layi na biyu sun zame sun koma "go" da "see" ba su sani ba. In labarin abin da ya wuce kake bayarwa, bi layukanka ɗaya bayan ɗaya ka tabbata babu wanda ya sulale ya dawo yau.

Sai batun mataimaki. "I did not went" kuskure ne saboda "did" ya riga ya ɗauki kayan shuɗaɗɗen lokaci, kuma ba a ɗora kaya ɗaya a kan jakuna biyu. Bayan "did" aikatau yana zuwa tsurarsa: "I did not go", "Did you see him?" Haka bayan "does", haka bayan "will", "can", "must", "should" da "to". Ba a cewa "he does not goes", ba a cewa "she can sings". Amma bayan "have", "has" da "had", siga ta uku ake kawowa: "I have gone", "she has eaten", "they had written". Waɗannan sigogi uku ba su da wata dabara sai hadda. Ɗauki biyar a rana, ka rera su kamar karatun allo: "eat, ate, eaten", "take, took, taken", "write, wrote, written", "drink, drank, drunk". A wata biyu ka haddace waɗanda ake bukata.

Yanzu ga babban ramin, wato "tun". Muna cewa "Ina nan tun safe", "Ba shi da lafiya tun makon jiya." Mai fassara kai tsaye sai ya rubuta "I am here since morning", "he is sick since last week". A Turanci, abin da ya faro a baya kuma har yanzu bai yanke ba, "have been" ko "has been" yake ɗauka: "I have been here since morning", "my father has been sick since last week". Ka riƙe wannan: duk inda ka ga "since" mai ma'anar "tun", waiwaya baya ka nemi "have" ko "has". Sannan ka bambance "since" da "for". In ranar farawa ka ambata, "since" ne: "since Monday", "since 2019". In tsawon lokacin ka ƙirga, "for" ne: "for three days", "for five years". "Since three days" babu shi.

Akwai kuma kishiyar wannan. "Na gan shi" a Hausa tana iya zama "I saw him", tana iya zama "I have seen him". In ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, kamar jiya ko bara, to "have" ba ta da wurin zama. "I saw him yesterday" ake cewa. "I have seen him yesterday" kuskure ne, ko da yake za ka ji shi a bakin manya masu digiri.

"We are not having money" kuma daga "ina da" ta fito. Tunda "ina" ce muke sawa a "ina tafiya" da "ina cin abinci", kunne sai ya ɗauka "ina da" ma "I am having" ce. Aikatau masu nuna mallaka ko abin da ke cikin zuciya ba su cika ɗaukar "-ing" ba: "have", "know", "understand", "believe", "want", "belong". Ka ce "I have two brothers", "we do not have money", "I understand you". In ka ji Bature ya ce "I am having lunch", ci yake nufi, ba mallaka ba. A batun shekaru ma "ina da shekara 20" tana jan mutum ya ce "I have twenty years". 'Yan'uwanmu na Nijar abin ya fi kama su, don Faransanci ma da mallaka yake faɗin shekaru, ya zama harshe biyu suna jan su gefe ɗaya. Turanci "I am twenty years old" yake cewa.

Tambayar ƙarshe, wa ya yi? In mutum ɗaya ne ko abu ɗaya, kuma ba ni ba ne ba kai ba ne, aikatau na yau da kullum yana ɗaukar "s": "he goes", "Binta cooks", "the car belongs to him". Inda ake faɗawa shi ne in wata kalma mai jam'i ta shiga tsakani. "One of my friends has promised": abokai suna da yawa, shi ya sa "friends" ta ɗauki "s", amma ɗaya daga cikinsu ne ya yi alkawari, shi ya sa "has". Ka ga kuskure biyu ke nan a wuri ɗaya cikin wasiƙarmu.

Zagaye na biyu: kori zagi

Ba a cewa "Musa tafi" a Hausa, dole sai "Musa ya tafi". Malaman nahawu suna kiran wannan "ya" zagin aikatau, kamar zagin da ke tafe gaban dokin sarki. Turanci ba shi da zagi. In ka ambaci suna, aikatau ne ke biye kai tsaye: "My father is a farmer." "My father he is a farmer" Hausa ce da rigar Turanci. Bi rubutunka, duk inda "he", "she" ko "they" ta biyo bayan suna nan take, soke ta.

Irin wannan wakilin sunan yana laɓewa a ƙarshen jimla ma. "Yaron da na ba shi kuɗi", "gidan da nake zaune a cikinsa": a Hausa daidai ne. A Turanci "shi" ɗin da "sa" ɗin faɗuwa suke yi: "the boy I gave money to", "the house I live in". Kar ka ƙara "him" ko "it" a baya.

"Am writing" matsalarta daban, nan wanda ya kamata ya zo ne bai zo ba. Wannan ba laifin Hausa ba ne, laifin kunne ne da hirar WhatsApp: "I'm" da "am" suna kama a baki. A rubutu jimla ba ta farawa da "am", sai "I am". Haka "Ana ruwa" sai an sa mata "it": "It is raining."

Abu biyu kuma, a gurguje. Mota mace ce a Hausa, gida namiji, amma a Turanci duk "it" ne. Sannan "an" da "ana" namu, da muke sawa in ba mu san mai aikin ba ko ba mu son faɗa, su ne ke haifar da "They have stolen my phone." Bature zai tambaye ka su waye. Abin da yake cewa shi ne "My phone has been stolen." In ka ji "an" a cikin kanka, gwada juya jimlar ta fara da abin da aka yi wa aikin.

Zagaye na uku: kada suna ya fita tsirara

Muna cewa "Na sayi mota", "Shi ɗalibi ne", babu wani abu a gaban sunan. A Turanci suna tilo wanda ake iya ƙirgawa ba ya fita haka nan, sai da "a", "an", "the", ko irin su "my" da "this". Shi ya sa "he is also a student".

Wanne za ka zaɓa? Hausa da kanta za ta taimake ka. Duba: "Na sayi mota. Motar ja ce." A jimla ta farko mai sauraro bai san motar ba. A ta biyu ya riga ya san ta, shi ya sa muka liƙa mata "r". Wannan "r" ɗin, ko "n" a "gidan", ko "ɗin" a "biro ɗin", kusan aikin "the" suke yi: "I bought a car. The car is red." In kana shakka, mayar da jimlar Hausa ka ji ko sunan yana son wannan wutsiyar. Ba kullum gwajin yake cin nasara ba, amma ya fi kirdado nesa ba kusa ba.

Tsakanin "a" da "an" sauti ake bi, ba harafi ba. "An hour" da "an honest man", domin ba a furta "h" ɗin. "A university" da "a uniform", domin da sautin "y" suka fara.

Ga wurin da na ce lafiyarsa lau. "I took him to hospital" daidai ne a Turancin Ingila, wanda shi makarantunmu suke bi. Haka "go to school", "go to bed", "in prison", in ana nufin ainihin abin da ake yi a wurin. Mutanen Amurka ne suke cewa "to the hospital". Na sha ganin yaro ya gyara daidai ya mayar da shi wani abu, don ya ɗauka duk suna sai da "the".

Sai jam'i. Hausa ba ta damu ba in lamba ta biyo baya: shekara goma, mota uku, buhu biyar. Turanci sai ya sa "s": "ten years", "three cars", "five bags". Amma "naira" ba ta ɗauka, haka "hundred" da "thousand" in lamba ta gabace su: "twenty thousand naira".

Akwai kuma rukunin da Turanci ya ƙi ƙirgawa alhali mu muna ƙirgawa. Muna da shawarwari, bayanai, labarai, kayayyaki. Su kuwa "advice", "information", "news", "furniture", "equipment", "luggage" ba sa ɗaukar jam'i, ba sa ɗaukar "a", ba sa ɗaukar "many". Ka ce "a lot of advice", "some information", in kuma guda ɗaya kake so, "a piece of advice". "News" da ka gan ta da "s" tilo ce: "The news is good." Kar ka nemi hikimar abin, haka suka gada. Rubuta su shida ɗin nan a bangon littafinka.

Zagaye na huɗu: kalmar da take ɗaya a wurinmu, biyu ko biyar a wurinsu

"Ara mini biro." "Na ari biro." Tushe ɗaya ne, ƙarshen kalmar da "mini" su suke nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Turanci kalma biyu ya ware: mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Saboda haka "Please lend me", ko "May I borrow". In ka ce wa kawu "borrow me", ka sa shi a matsayin mai karɓa. Abin dariyar shi ne a wani gefen mu muka fi su tsefewa: mun raba aro, inda abin da ka karɓa shi za ka mayar, da rance, inda madadinsa za ka biya. Su duk "borrow" ne, ko tsani ne ko kuɗi.

"Koya mini" da "na koya" haka suke: malami "teach" yake yi, ɗalibi "learn". "Ce" da "gaya wa" kuma sun yi daidai da "say" da "tell". Yadda ba ka cewa "ya gaya" ka yi shiru sai ka faɗi wanda aka gaya wa, haka "tell" take son mutum a bayanta: "He told me." "He said me" babu ita.

Manyan masu rikici su ne "ji", "sha" da "ci". Da "ji" muke jin magana, mu ji ƙanshi, mu ji zafi, mu ji ɗanɗano, mu ji Turanci. A can kowanne da kalmarsa: "hear", "smell", "feel", "taste", "understand". In ka ce "I hear English", Bature zai ɗauka sautinsa ne yake shiga kunnenka. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, wasu su sha taba, kowa kuma ya sha wahala. Ruwa ne kawai "drink". Magani "take", mangwaro "eat", taba "smoke", wahala "suffer". "Ci" kuwa, a jarrabawa "pass", a zaɓe ko ƙwallo "win". In ka ga "hear", "drink" ko "eat" a rubutunka, tsaya ka tambayi kanka ko da kunne, da maƙogwaro, da haƙori aka yi aikin.

Zagaye na biyar: ƙananan kalmomi

"A" ɗinmu guda ɗaya tana aikin "at", "on" da "in". A lokaci, ka ɗauke su daga ƙarami zuwa babba: ƙarfe nawa "at", rana "on", wata da shekara "in". "At 4 o'clock, on Friday, in March, in 2024." A wuri ma kusan haka ne: "at the gate", "on the table", "in Kano".

"Ko da yake likita ya ba mu shawara, amma ba mu da kuɗi." Hausa ce tsaf. Turanci ɗaya yake ɗauka, ko "although" ko "but", ba duka ba. Soke wanda ka ga dama.

Wasu aikatau ba sa son rakiya. "Tattauna a kan" ita ke jawo "discuss about", "shiga cikin" ita ke jawo "enter inside". Ka ce "discuss the matter", "enter the room". Wasu kuma sai da rakiya: "listen to", "reply to", "wait for", "congratulate on". A kwatance, "Kano ta fi Katsina girma" ita ce "Kano is bigger than Katsina". Ko "-er" ko "more", kar ka haɗa su ka ce "more bigger".

Zagaye na shida: tambaya da amsa

Wannan ya fi shafar baki, musamman ranar ganawar neman aiki. In aka ce maka "Ba ka ci abinci ba?" kuma ba ka ci ɗin ba, za ka ce "E, ban ci ba." Kana gaskata mai tambayar ne. Bature ba mai tambaya yake kallo ba, abin da ya faru yake kallo. "Haven't you eaten?" In ba ka ci ba, "No, I haven't." In ka ci, "Yes, I have." Wani ɗalibina ya taɓa ba ni labarin yadda aka tambaye shi a wajen neman aiki, "You don't have any criminal record?" ya ce "Yes, sir", nufinsa e, ba shi da shi. Sai da ya ga an ɗago kai ana dubansa ya gane abin da ya faɗa. Maganin abin, kar ka tsaya a "yes" ko "no", cika amsar: "No, I don't."

"Ko ba haka ba?" ɗinmu tana shiga kowace jimla, shi ya sa muke liƙa "isn't it?" ko'ina. A Turanci wutsiyar tana bin aikatau ɗin jimlar: "You are coming, aren't you?", "He went, didn't he?", "She can't drive, can she?" Sannan in tambaya ta shiga cikin wata jimla, tsarinta yana komawa na magana: "Where is the bank?" amma "Can you tell me where the bank is?"

Zagaye na bakwai: haruffa

A zagayen nan fara karatu daga kalmar ƙarshe ka yo baya, don kada ma'ana ta ɗauke maka ido.

Hausa ba ta raba "p" da "f" ba. Sauti ɗaya muke da shi, da leɓɓa biyu muke yin sa, kuma yana tsakanin nasu biyun. Daga nan "pay" take zama "fay", "pull" da "full" su cakuɗe, haka "pan" da "fan", "copy" da "coffee". Ga gwajin da nake sa yara su yi: riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. A "p" leɓɓa suna rufewa ruf sannan su fashe, takardar ta yi tsalle. A "f" haƙoran sama suna sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. "V" ma haƙori a kan leɓe ne, sai dai da murya, kuma ita ce take raba "very" da "berry", "vote" da "boat". In bakin ya saba, hannu ma zai daina kuskurewa.

Harshenmu kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, dubi yadda muka narkar da kalmominsu muka samu burodi da direba. A ƙarshen kalma sai mu haɗiye na ƙarshen, "promised" ta fito kamar "promise", "asked" kamar "ask". Abin da kunne bai ji ba hannu ba ya rubutawa, don haka duba ƙarshen kalmominka ko "-ed" da "-s" suna nan.

Sauran na ido ne: "their" da "there", "lose" da "loose", "been" da "being", "its" da "it's". "I" kullum babba ce. Sunayen ranaku, watanni da harsuna da babban harafi suke farawa. Ka tsaya a rubutun Ingila, "colour" da "centre", kar ka gauraya da na Amurka a takarda ɗaya.

Abin da ba kuskure ba ne, amma yana da muhallinsa

Kana fita daga ɗaki ka ce "I am coming", domin "ina zuwa" kake nufi. Ka wuce mai aiki ka ce "Well done", wato sannu da aiki. Ka ga aboki ka ce "Two days!" Duk ɗan Najeriya ya gane, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba. Gaskiya ma Turanci ne ya gaza, ba shi da kalmar da za ta ɗauki nauyin "sannu", kamar yadda "uncle" guda ɗaya ta haɗe kawu da baffa. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "Kannywood", "okada" da "next tomorrow", wato jibi. To amma mai makin WAEC, ko a Kano yake ko a Kumasi, daidaitaccen Turanci aka ba shi ya auna da shi, haka ma wanda zai karanta takardarka ta neman gurbin karatu a waje. A irin waɗannan wurare rubuta "I will be right back", "the day after tomorrow", "my elder brother" maimakon "my senior brother". A majalisar unguwa kuwa yi abinka.

Littafin kurakurai

Sayi ƙaramin littafi, ka raba kowane shafi gida uku: abin da na rubuta, abin da ya kamata, Hausar da ta jawo shi. Gida na ukun shi ne mai amfanin. Duk takardar da malami ya dawo maka da ita, kwashe jan biron ka zuba a nan. Bayan wata guda ka ƙirga, za ka ga naka ramukan ba su wuce uku ko huɗu ba, wani nasa "since" ne da zagi, wani "a" da "the". Ranar jarrabawa, in minti goman nan ba za su isa zagaye bakwai ba, fara da naka ukun.

Ga wasiƙar bayan an tsince ta:

"Dear Uncle, I am writing to tell you that my father has been sick since last week. I did not go to school on Monday because I took him to hospital. Although the doctor gave us a lot of advice, we do not have money to buy the medicine he is supposed to take. One of my friends has promised to help, but he is also a student. Please lend me twenty thousand naira. I will pay you back after the harvest."

Tunda ga kawu take, sai ka rufe da "Yours sincerely," ka sa sunanka na farko kawai a ƙasa. Da shugaban makaranta ko manajan kamfani ka rubuta wa, ka buɗe da "Dear Sir," ko "Dear Madam," to da "Yours faithfully," za ka rufe, ka sa hannu, sannan cikakken suna. "Y" babba, "f" ƙarama, waƙafi a ƙarshe, kuma babu wata alama tsakanin "r" da "s" a "Yours".